RA'AYINMU: A Ba Yaro Kujerarsa a Cikin Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Babban Mutum, garin nan na bakin iyaka da ke cikin ƙaramar hukumar Ɓaure a masarautar Daura, ya san yadda ake lodi. Ƙaramar motar da masu ƙera ta suka yi wa wurin zaman mutum biyar har da direba, sai a zuba mata manya bakwai: biyu a gaba kusa da direba, huɗu a baya, ga buhunan hatsi sun hana murfin but rufuwa. Yara kuwa ba a ƙidaya su cikin fasinja. Na goye yana kan ƙirjin uwarsa, wansa yana kan cinya, babbar yayarsu kuma an tsayar da ita tsakanin gwiwoyin wani fasinja. A haka mota za ta ɗauki hanyar Daura, ko ta Ɓaɓura zuwa Kano, ko kuma ta tsallaka iyaka zuwa Magarya a Jamhuriyar Nijar. Kowa ya ce "Allah ya kiyaye hanya", direba ya ja.

Ba a Babban Mutum kaɗai ake haka ba. Haka abin yake a Zango da Mai'aduwa da Sandamu, haka yake a tashoshin Katsina da Kano da Zariya. Mun ɗauki wannan gari misali ne domin a irinsa ne ake gane ko doka ta isa ga talaka, ko kuwa ta tsaya a Abuja. Tambayar da muke so mu sa a gaban masu karatu yau ita ce: shin akwai dokar da ta tsare ran yaro a cikin mota a ƙasar nan? In akwai, me ya hana ta aiki a ƙauyukanmu, kuma laifin wane ne?

Dokar dai akwai ta. A watan Fabrairu na 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, aka ɗora Farfesa Wole Soyinka a kan shugabancinta, aka kuma ba ta ikon yin aiki bisa Dokar Soja mai lamba 45 ta wannan shekara. Ranar 1 ga Janairu, 2003, hukumar ta fara tilasta wa direbobi da masu zama a gaban mota ɗaura bel. A 2007 Majalisar Tarayya ta sabunta dokar da ta kafa hukumar, sa'an nan a 2012 aka fitar da ƙa'idodin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa, waɗanda suka nemi a sami bel a kujerun gaba da na baya, a kuma tanadi kujerar tsaro domin ƙananan yara. Hukumar ta daɗe tana shelar cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa kujerar baya ne, kuma a cikin jerin laifuffukan da take cin tara a kansu akwai zaunar da yaro a inda bai dace ba, da kuma rashin ɗaure shi. Saboda haka ba wanda zai ce gwamnati ba ta rubuta kome ba. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da abin da aka rubuta.

Kafin mu zo ga wanda ya kamata ya yi aikin, bari mu bayyana dalilin dokar, gama mutane da yawa suna ɗaukarta hanyar tatsar kuɗi kawai. Idan mota tana gudu, duk abin da ke cikinta yana gudu tare da ita. In ta yi karo da wani abu ta tsaya nan take, jikin mutumin da ba a ɗaure ba yakan ci gaba da tafiya da wancan gudun har sai ya bugi wani abu: ko gilashin gaba, ko bayan kujera, ko wani fasinja, ko kuma kwalta. Karo a gudun kilomita 50 a sa'a, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarda a yi a cikin gari, daidai yake da faɗowa daga kan bene mai hawa uku. Masana sun ƙiyasta cewa a irin wannan karo nauyin jiki yakan ninka wajen sau talatin. Wato jaririn da nauyinsa bai wuce kilo 10 ba zai fizge daga hannun uwarsa da ƙarfin kilo 300, kimanin buhu uku na gero. Wace uwa ce, kome ƙaunarta ga ɗanta, za ta iya riƙe buhu uku da hannu biyu cikin ƙiftawar ido? Idan kuma gudun ya kai kilomita 100, kamar yadda direbobinmu kan yi in sun sami hanya mai kyau, ƙarfin karon ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu ne.

Akwai abin da ya fi wannan ban tausayi. Uwar da ta rungume yaro ba tare da ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi a jikin kujerar gaba ko ƙarfen gaban mota. In kuma ta ja bel guda ta zagaye kanta da yaron, to, nauyinta duka a kan cikin yaron zai sauka. Ga kuma balan-balan ɗin iska da ake sa wa motocin zamani a gaba, wanda yake fashewa ya tare ƙirjin babban mutum lokacin karo. Da ƙarfi mai tsanani yake fita, kuma abin da yake ceton babba yana iya karya wuyan ƙaramin yaro. Wannan shi ya sa aka ce yaro ya koma baya.

Jikin yaro ba irin na babba ba ne da aka rage masa girma. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Domin haka ne ake ɗora kujerar jarirai tana duban baya, yadda in an yi karo bayan kujerar zai tallafi kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wani malamin jami'a ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ne ya fito da wannan dabara a 1964, bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama-jannati a cikin kumbo. A ƙasar ce kuma injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙago bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, irin wanda ke cikin motocinmu yau, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da dabarar kyauta.

Su ma waɗancan ƙasashe ba dare ɗaya suka saba ba. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ce ta fara tilasta ɗaura bel a 1970. A Amurka, jihar Tenesi ce ta fara aiki da dokar kujerar yara a 1978, bayan wani likitan yara mai suna Robert Sanders ya yi ta faman roƙon 'yan majalisar jiharsa. A Ingila sai a 1983 aka tilasta bel a gaba, a 1989 aka haɗa da yaran da ke baya, a 1991 aka haɗa da manya. A ko'ina an yi gunaguni da farko, daga baya abin ya zama al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota har zuwa rabi, kujerar tsaro kuma tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. A rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A nan gida, alƙaluman FRSC sun nuna sama da mutum 5,000 sun rasu a hanya a 2023, haka kuma a 2024, ban da waɗanda aka kai gida aka binne ba tare da labari ya kai ofis ba.

To, yanzu sai mu saurari talaka, gama shi ma yana da tasa maganar, kuma ba za mu rufe kunne ba. Manomin Babban Mutum zai ce: "Ni ba ni da mota. Kujerar yaron da kuke faɗa ban taɓa ganinta a kasuwarmu ba, in ma na gan ta, kuɗinta ya fi ƙarfina. Motar hayar da muke shiga, bel ɗinta na baya an tura shi ƙarƙashin kujera tun daga Kwatano, ko kuma an yanke an ɗaure kaya da shi." Direba kuma zai ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, in bai cika mota maƙil ba, ba zai fitar da kuɗin mai da na mai mota ba, balle na cefane. Uwa mai 'ya'ya uku za ta ce in aka ce ta biya wa kowanne kujera, sai dai ta fasa zuwa ganin gida.

Duk wannan gaskiya ne. An tsara dokar kamar kowane magidanci yana da motar kansa a ƙofar gida, alhali yawancin yaran karkararmu a cikin motar haya suke tafiya, ko a kan babur, ko a-daidaita-sahu, ko a bayan a-kori-kura ranar kasuwa. Amma a ganinmu talauci dalili ne na a fara da abin da za a iya, ba hujjar a bar kome ba. Mayar da yaro kujerar baya ba ya cin ko kwabo. Zaƙulo bel daga ƙarƙashin kujera a wanke shi ba ya cin ko kwabo. Danna ɗan makullin nan da ke gefen ƙofar baya, wanda yake hana yaro buɗe ta daga ciki, shi ma kyauta ne. Kuɗin kujera guda kuwa, kome tsadarsa, bai kai kuɗin ɗaukar yaron da ya fasa kai daga bakin iyaka zuwa Daura ba, balle in an ce sai Katsina ko Kano, in ma rai ya kai can.

Akwai kuma uzurorin da ba na talauci ba ne, na rashin sani ne ko na ganganci. Wani ya ce tafiyar gajeriya ce, nan da makaranta kawai, kamar akuya ko mai babur sai sun tambayi nisan tafiya kafin su faɗo kan hanya. Wani ya ce bel yana ɓata masa farar riga. Sabulu maganin wannan ne. Wani ya ce in mota ta kama wuta bel zai hana shi fita. Amma wanda bel ya riƙe shi ne yake da hankalinsa da zai kwance ya fita, har ya fitar da yaransa, wanda ya bugi gilashi ya suma kuwa sai dai a jawo shi. Mun kuma san direbobin da suke yafa bel a kafaɗa in sun hango jami'ai, su sake shi da an wuce shinge. Irin wannan mutum bai yaudari jami'i ba, kansa ya yaudara, kuma yaran da ke kallonsa daga baya sun ɗauki darasi.

Uzurin da ya fi kowanne ƙarfi a bakin mutanenmu, Kirista da Musulmi baki ɗaya, shi ne cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma rai na hannun Allah. Ba mu musa cewa rai na hannun Allah ba. Amma mai faɗin haka yana kulle ƙofarsa da dare, yana rufe bakin rijiyar gidansa saboda yara, yana kai jaririnsa allurar rigakafi, yana kuma ɗaure masa gidan sauro. Ba wanda ya ce masa ya rasa bangaskiya domin ya yi waɗannan. Hausawa da kansu suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Addu'ar da muke yi kafin mota ta tashi abu ne mai kyau, sai dai bai kamata mu idar da ita sa'an nan mu ɗora yaro a cinya a gaban mota ba. Babba yana iya zaɓen ya yi wasa da ransa. Yaro bai zaɓi inda aka zaunar da shi ba, amana ce a hannun wanda ya ɗauke shi.

Ga masu motar kansu, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da shugabannin ikilisiya, ku ba ku da mafaka. Wanda ya iya sayen mota da tayoyinta zai iya sayen kujerar yaro. Jariri ya zauna a kujera mai duban baya, a kujerar baya ta mota, har ya wuce shekara ɗaya da 'yan watanni, in ya fi haka ma ya fi kyau. In ya girma a koma da shi mai duban gaba wadda take da nata maɗauri. Daga nan sai matashin zama mai ɗaga yaro, domin bel ɗin manya ya hau inda ya kamata. Bel ɗin manya ba ya zama daidai sai tsawon yaro ya kai wajen santimita 135 ko fiye. A Ingila ma wannan tsawo, ko cikar shekara 12, shi ne ma'aunin doka. Igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar kafaɗa, ba wuya ba, kada kuma a zura ta ƙarƙashin hammata ko bayan yaro. Mace mai juna biyu ita ma ta ɗaura, igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin cikin. Wanda zai sayi kujera ta gwanjo ya duba da kyau: in akwai tsaga a jikinta, ko maɗaurin ya tsufa, ko maɓallin ba ya kamawa, ya bar ta.

Ga hukumomi muna da kira guda huɗu. Na farko, Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumar KASSAROTA ta jihar Katsina da jami'an duba lafiyar motoci su fara daga tasha, ba daga shingen kan hanya ba. Motar da aka tare a tsakiyar daji ta riga ta yi rabin tafiya da yara a gaba. A wurin lodi ne ya kamata a hana. Na biyu, kada a ba motar haya takardar shaidar lafiya sai an ga bel ɗinta na gaba da na baya suna aiki. Na uku, Gwamnatin Tarayya ta ɗauke harajin shigowa daga kan kujerun yara, gama ba daidai ba ne a tilasta wa mutum sayen abu, sa'an nan a ƙara masa tsada a tashar jirgin ruwa. Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, kada dokar ta zama abin ciniki. Ran da direba ya gane cewa ɗan abin da zai miƙa ta taga ya fi ɗaura bel sauƙi, ran nan dokar ta mutu. A yi ta wayar da kai da Hausa a gidajen rediyo da kasuwanni, a ja kunne, sa'an nan wanda ya ƙi ji a ci shi tara da rasit.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ce ke riƙe da tasha, kuma maganarta ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen direba. Muna roƙon shugabanninta na Daura da Ɓaure da sauran rassa su kafa ƙa'ida cewa ba za a ɗora yaro a gaba ba, kuma mace mai goyo a ba ta wuri a baya. Su duba ko za a yanka wa yara rabin kuɗin mota, yadda iyaye za su iya biya musu wurin zama na kansu maimakon cinya. Direban da ya yi hasarar rabin kuɗin kujera guda ya fi wanda zai kwana da alhakin ɗan wani a wuyansa. Haka nan muna fata masarautar Daura, ta bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni, za ta sa baki a wannan magana kamar yadda sarakunan Arewa suka tsaya a kan rigakafin shan-inna har aka tabbatar a 2020 cewa an raba Nijeriya da ƙwayar cutar ta daji. Abin da talaka ya ji daga fadar hakiminsa ya fi abin da ya gani a allon gefen hanya tasiri. Tun da kuma motocinmu suna shiga Magarya da Damagaram, na can ma suna shigowa, ya kamata jami'an ɓangarorin biyu su yi magana da murya ɗaya.

Mu ma sai mu duba gidanmu. Sau nawa muka ga an cika bas da yaran makarantar Lahadi, ko 'yan mawaƙa, ko 'yan zumuntar mata da goyonsu, za a tafi babban taro ko biki ko jana'iza, an zaunar da mutum biyar a layin mutum uku, wasu yaran ma a tsaye? Sau nawa aka kwashi yara a bayan buɗaɗɗiyar mota suna waƙa, mu kuma muna ɗaga musu hannu? Dattawan ikilisiya su tsai da shawara cewa motar da aka ɗauka da sunan ikilisiya ba za ta tashi da lodin da ya wuce kima ba, ko da za a yi sawu biyu. Zumuntar mata tana iya haɗa kuɗi ta sayi kujerun jarirai biyu ko uku a riƙa bayarwa aro, kamar yadda ake ba da aron tukwane da kujerun biki. Wanda ɗansa ya girma ya miƙa wa na baya. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2005 ta amince da Lahadi ta uku ta watan Nuwamba ta zama ranar tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Ranar tana zuwa daidai lokacin da amfanin gona ya shiga kasuwa, tafiye-tafiyen Kirsimeti da ƙarshen shekara kuma suna gabatowa. Ba laifi ba ne a gayyaci jami'in kiyaye haɗurra ya zo bayan an tashi sujada ya nuna wa iyaye yadda ake ɗaura bel da kujerar yaro, a kuma gayyaci maƙwabta su zo su gani. Kowa kuma ya riƙe lambar 122, wadda ake kiran hukumar da ita kyauta in an yi haɗari.

Ba mu ce gobe da safe kowace mota a Babban Mutum za ta kasance da kujerar yaro ba. Amma gobe da safe kowane uba yana iya cewa ɗansa ba zai zauna a gaba ba, kowace uwa tana iya ƙin shiga motar da aka cika ta wuce hankali, kowane fasinja kuma yana iya ce wa direba ya rage gudu akwai yara a ciki. Wanda ya yi shiru yana kallo, shi ma da nasa kason a cikin alhakin. Rigakafi ya fi magani, an kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana ɗaura bel, ba sai an tare shi a shinge ba ran da ya zama direba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.